Yadda Ake Cire Injin Fetur a Sa wa Tsohuwar Volkswagen Beetle Injin Lantarki

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, masu tsofaffin motoci da yawa suka fara tambayar ko za a iya raba motar da gidan mai gaba ɗaya. Ana iyawa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya nuna haka da ƙananan bas-bas da ya cire wa injin fetur ya sa musu na lantarki. Sai dai duk mai shirin wannan aiki ya sani tun farko cewa ɗaura injin lantarkin shi ne mai sauƙi. Inda aikin yake lalacewa ko ya yi kyau shi ne wajen aune-aune, zaɓen batir, kare shi daga zafin ƙasarmu, da shimfiɗa wayoyin da ba za su kashe mutum ba.

Wannan jagora ta ɗauki Beetle a matsayin misali, saboda tana cikin tsofaffin motocin da suka fi sauƙin juyawa zuwa lantarki. An fara haɗa ta a Legas a 1975, kuma sai a 2003 aka daina ƙera ta a Meksiko, don haka kayanta ba su ɓace ba. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba lagireto. Sitiyarinta ba ya buƙatar famfo, birkinta ba ya dogara da injin, nauyinta bai fi kilo 800 da 'yan kai ba. Noti huɗu ne kacal suka riƙe injin da giya.

Duba motar kafin ka sayi ko waya ɗaya

Batir zai ƙara wa motar nauyi, saboda haka jikin da tsatsa ta cinye ba ya ɗaukar wannan aiki. Ɗaga kujerar baya ka duba daɓen da ke ƙarƙashin tsohon batir, nan ruwan batir ya saba huda ƙarfe. Sa sukudireba ka danna dogayen ƙarafan da ke bin ƙasan ƙofofi daga gaba zuwa baya, domin su ne suke riƙe bodi da firam. Duba kan firam, inda ƙafar gaba take ɗaure. Idan sukudireba ta shige ko'ina a nan, mai walda zai fara aiki tukuna.

Bayan haka ka kai motar sikeli, ka auna gaba daban, baya daban, tanki cike da mai. Rubuta lambobin. A bayan tayar safiya akwai ɗan allon kamfani mai ɗauke da iyakar nauyin da aka yarda motar ta ɗauka har da fasinja, wannan iyaka ba a tsallake ta. Auna tsayin da ke tsakanin ƙasa da bakin kowane madigadi, don ka gane nawa motar ta zauna bayan an gama.

Ka tuƙa ta da tsohon injinta idan yana tashi, ka saurari giya. Giyar da ke fita da kanta ko take kuka tun tana tare da injin fetur, injin lantarki zai ƙarasa ta cikin 'yan makonni.

Lissafin batir: daga tafiyarka za ka fara

Ana auna abin da batir ke ɗauka da kWh, wato daidai da yunit ɗaya na mitar gida. Beetle da aka juya tana cin tsakanin 0.15 zuwa 0.18 kWh a kowace kilomita, gwargwadon gudu da kaya. Ba a kwashe batir har ƙasa, ana amfani da kusan kashi 85 cikin ɗari. Don haka batir mai 25 kWh zai ba ka kusan 21, wato tafiyar kusan kilomita 120 zuwa 140. Wannan ya ishi zirga-zirgar cikin gari ta kwana biyu ko uku, ko zuwa Wudil daga Kano a dawo, amma ba zai kai ka Zariya hankali kwance ba. Wanda ya ce zai ninka batirin don ya yi doguwar tafiya, nauyi zai hana shi, domin Beetle ba ta da wurin ɗaukar sa.

Batura iri uku ne mutane suka fi tunani a kai.

Na farko batirin inbata mai dalma, wanda ya cika kasuwa. Ka manta da shi. Guda tara masu 12V da 200Ah, kowanne kusan kilo 60, sun haura kilo 500, kuma idan aka ja musu wuta da ƙarfi irin na mota, da ƙyar su ba da rabin abin da aka rubuta a jikinsu.

Na biyu baturan da aka ciro daga motocin lantarki da suka yi haɗari. Ɓangaren batirin Tesla Model S yana ɗaukar kusan 5.3 kWh a 22.8V, nauyinsa kusan kilo 25, guda biyar a jere su ba da 114V da 26.5 kWh. Ba su da nauyi, shi ya sa masu wannan aiki a Amurka da Ingila suke son su. Amma suna buƙatar ruwan sanyaya ya riƙa zagaya su, kuma idan aka yi musu cajin da ya wuce kima, wutarsu ba ta kasuwa da sauƙi. Na tsohuwar Nissan Leaf kuwa ba su da hanyar sanyaya ko kaɗan, kuma an ga yadda suka yi saurin raunana a jihar Arizona mai zafi.

Na uku ƙwayoyin batirin lithium da ake kira LFP, masu kusurwa huɗu, irin waɗanda masu sola suka saba da su. Sun fi nauyi, amma sun fi jure zafi, sun fi daɗewa, kuma sun fi wuyar kamawa da wuta. A garin da zafi ke kai digiri 40 a watan Afrilu, su ne zaɓin da ya dace. Kowace ƙwaya 3.2V ce. Guda 34 masu 230Ah a jere za su ba da kusan 109V da 25 kWh, nauyinsu kusan kilo 140.

Akwai abin lura a nan wanda mutane ke tsallakewa. Yawancin waɗannan ƙwayoyi an yi su ne don ajiyar wutar gida, abin da suke bayarwa a kai a kai bai wuce adadin Ah ɗinsu ba, wato amfiya 230. Karanta takardar bayanin ƙwayar ka ga nawa ta yarda a ja na 'yan daƙiƙu. Beetle a gudun kilomita 80 tana jan kusan amfiya 120, wannan ba matsala. Wajen tashi da hawa tudu ne ake buƙatar ƙari. Idan ka ƙayyade jan a amfiya 400, kana da kusan kilowat 42, wanda ya riga ya fi ƙarfin injin 1600 na asali mai doki 50.

Injin lantarki da kwantirola

Sayi injin da kwantirolarsa, wato na'urar da ke sarrafa wutar da batir ke ba injin, tare, daga wuri ɗaya, an riga an daidaita su. Biyu da aka fi sa wa Beetle su ne NetGain HyPer 9 da HPEVS AC-50 mai tafiya da kwantirolar Curtis. HyPer 9 yana kai kusan kilowat 88 da ƙarfin murɗawa 235 Nm, nauyinsa bai kai kilo 60 ba, kuma ƙaramin samfurinsa yana aiki har zuwa wajen 130V. Wannan ne dalilin tsayawa a ƙwaya 34: idan ka sa 36 suka cika, sun taɓo iyakar kwantirola, ta fara yanke wuta.

Injin Nissan Leaf na hannu ya fi araha, amma da kusan 360V yake aiki kuma sai an canza masa ƙwaƙwalwa. Ba aikin farko ba ne. Injin tsohuwar motar ɗaga kaya ta cikin sito shi ma yana juya mota, sai dai yana da gawayi da ke cinyewa, ba ya mayar da wuta cikin batir idan an rage gudu, kuma idan aka taka totur ba a cikin giya ba yana iya gudu har ya tarwatse.

Sauke tsohon injin

Cire kan batir na 12V. Zuƙe man tanki gaba ɗaya, ka cire tankin ka ajiye shi nesa da inda za a yi walda, domin tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke haɗari. Kwance bututun mai, wayar totur, wayoyin hita guda biyu da wayoyin lantarkin injin, kana manna wa kowace takarda da sunanta. Sa jak a ƙarƙashin injin da katako a kai, kwance notuna huɗu da sifana 17, biyu sama biyu ƙasa, ja injin baya har sandar giya ta fita daga kuloci, sannan ka sauke shi ƙasa ka ɗaga bayan motar ka jawo shi.

Kafin ka taɓa filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan injin wanda kuloci ke kamawa, yi awon da aikin gaba ɗaya ya rataya a kansa. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar filawil inda faifan kuloci ke kwanciya, ka auna tazarar da ke tsakaninta da fuskar injin da ke haɗuwa da giya, da ma'aunin da ke nuna kashi goma na milimita. Auna a wuri uku ka rubuta. A sabon haɗin dole filawil ya zauna a wannan tazara daidai. Idan ya matso wajen giya, kuloci zai riƙa zamewa. Idan ya nisanta, giya ba za ta shiga ba.

Babban notin da ya riƙe filawil na sifana 36 ne, an ɗaure shi da kusan 350 Nm, sai da doguwar sanda da abin kulle haƙoran filawil. Tun da giya tana a buɗe, canza sil ɗin sandarta, canza boris ɗin kuloci, canza robobin da giyar ke zaune a kai, ka zuba sabon man giya mai lamba 80W-90 GL-4, kusan lita biyu da rabi. Cire kik, ka rufe raminsa da faranti saboda ƙura.

Farantin haɗi da cibiya

Abu biyu ne ke haɗa injin lantarki da giya: faranti na alminiyam da ke ɗaure jikin injin da bakin giya, da cibiyar ƙarfe da ke kama sandar injin a ɗaura mata filawil. Na Beetle ana sayar da su a shirye, kuma sayen ya fi. Idan mai injin sassaƙa ƙarfe ne zai yi maka, kai masa giyar da injin lantarkin duka, kada ka yarda da awon takarda kawai. Sandunan biyu dole su kalli juna a layi ɗaya, kuskuren kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ka tuna cewa ƙaramin boris ɗin da ke riƙe kan sandar giya a cikin wancan babban noti yake, saboda haka sabuwar cibiya dole ta zo da nata.

Bayan ɗaura filawil, sa agogon awo a fuskarsa ka juya da hannu. Idan allura ta yi rawa fiye da 0.1 na milimita, kwance ka gyara. Karkatar da ido ba ya gani ita ce ke zama girgiza a juyi 4,000, daga nan sil ya fara yoyo, boris ɗin giya ya mutu.

Bar kuloci a motar. Wasu suna cire shi don rage nauyi, amma shi ne ke sauƙaƙa canza giya, kuma shi ne hanyar raba injin da tayoyi nan take idan wani abu ya rikice. Injin 1600 na asali bai fi 106 Nm ba, sabon ya ninka shi fiye da sau biyu, don haka sa farantin matse kuloci mai ƙarfi na milimita 200, sannan ka rage ƙarfin murɗawa a kwantirola zuwa wajen 150 Nm. Wanda ya bar shi a cike yana fizgar motar a giya ta ɗaya, haƙoran giya ne za su biya.

Haɗa batir da akwatunansa

Ƙwayoyi suna isowa, auna kowace ka rubuta lamba a jikinta. Duk wadda ta kumbura, ko ta lotse, ko aka goge lambar da ke kanta, ware ta. Gwada ƙarfin kowace ta hanyar cika ta da sauke ta da na'urar gwaji, domin jerin gaba ɗaya yana tsayawa ne inda mafi rauni ta tsaya, kamar ayarin da ke tafiya da saurin gurguwar jaka. Daga nan haɗa su gefe da gefe, jan kai da jan kai, baƙi da baƙi, ka cika su tare zuwa 3.65V har jan wutar ya kusa tsayawa. Wannan yana cin kwanaki da ƙaramar caja, amma shi ne ke sa su fara aiki a daidai.

Raba su gida biyu saboda nauyi kada ya taru a baya: misali 22 a wurin kaya na bayan kujerar baya, layi biyu na 11, da 12 a gaba inda tanki yake. Kowace ƙwaya mai 230Ah tana da kusan milimita 174 a faɗi, 54 a kauri, 207 a tsayi. Yanka kwali daidai girman akwatin ka gwada shi a cikin motar, ka rufe bonet, ka juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Firam ɗin akwati a yi shi da ƙarfen kwana mai kaurin milimita 3, a ɗaure shi da firam ɗin mota da notuna masu lamba 8.8 da faranti a bayan kowanne, ba da siririn falankin bodi ba. Ka ɗauka cewa ranar haɗari kilo 90 ne zai taso daga bayan kujera. Jikin ƙwayoyin alminiyam ne, siririyar leda shuɗiya kawai ta rufe shi, kuma girgizar hanya tana cinye ta. Sa takardar fiba mai hana wuta tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, da ƙasa, da gefe. Matse layin tsakanin faranti biyu da dogayen sanduna masu zare don hana kumburi. Ƙarafan haɗa kawuna su zama na tagulla, gara masu lanƙwasa, a goge fuskarsu, a ɗaure su da sifana mai awo gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, galibi 'yan Nm kaɗan ne. Zaren da ke kan ƙwaya a cikin alminiyam yake, ƙara ƙarfi kaɗan zai cinye shi.

Akwatin ya hana ƙurar hunturu da ruwan damina shiga, amma a bar masa hanyar fitar iska da ke kallon wajen mota, ba cikin ɗakin fasinja ba. Na bayan kujera yana ƙarƙashin gilashin baya inda rana ke dukansa, sai a shimfiɗa masa abin tare zafi a sama.

BMS, wato na'urar kula da batir, ba abin zaɓi ba ne. Ita ce ke duba kowace ƙwaya da zafinta, ta tsayar da caja, ta umarci kwantirola ta rage ja. Ƙananan BMS na sola da wuta ke ratsa cikinsu ba za su ɗauki amfiya 400 ba. Nemi irin ta mota, kamar Orion BMS 2, wadda ke aiki ta hanyar kwantakta, wato babban makunnin da ƙaramar wuta ke buɗewa da rufewa. Sa mata iyakar sama 3.55V, ta ƙasa 2.9V, ta hana caji idan zafin ƙwaya ya haura digiri 45. Wayoyinta sirara ka gwada jerinsu da mita ɗaya bayan ɗaya kafin ka soka fulogin, waya ɗaya a gurbin wata tana ƙona ta nan take.

Babbar wuta

Duk abin da ya haura 60V na DC, wato irin wutar batir, ana lissafa shi cikin wuta mai kisa, kuma wannan batir yana iya zubo dubban amfiya cikin sifanar da ta faɗa kansa. Cire zobe da agogo. Naɗe sifanoni da tef har sai bakinsu kawai ya rage. Sa safar hannu ta masu lantarki mai lamba 0, wadda aka yarda a yi aiki da ita har zuwa 1,000V, da tabarau. Kada ka yi aikin kai kaɗai. Bar ƙarfen haɗi ɗaya a tsakiyar kowane akwati ba a ɗaura ba sai ranar ƙarshe.

Ƙa'idar farko: babu ɓangaren babban batir da ke taɓa jikin mota, ko jan kai ko baƙi. Riwayan da ya saba da 12V hannunsa zai kai ga ɗaure baƙar waya a bodi, a nan kuwa wannan kuskure ne mai kisa. Wayoyi biyu ne ke tafiya, su dawo.

Manyan wayoyi su zama na tagulla zalla masu laushi, milimita 70 murabba'i, ruwan lemo, a cikin bututun kariya, a ɗaure su duk bayan tazarar taƙi ɗaya da rabi, da roba a duk inda suka ratsa ƙarfe. Kawunansu a matse su da matsi mai aiki da mai, ba da guduma ba, ba da dalma ba. Kan da bai matsu ba yana zafi, zafin ya sassauta shi, ya ƙara zafi, har roba ta kama.

Kowane akwati ya sami fiyus nasa na amfiya 500 wanda aka rubuta masa DC aƙalla 150V, kusa da ƙwayoyin. Fiyus ko makunnin wutar gida ba ya aiki a nan: wutar AC tana ratsa sifili sau ɗari a daƙiƙa, tartsatsin ya mutu da kansa, ta DC kuwa tana ci gaba da ci. Bayan fiyus sai makatsar hannu da za a iya zarewa lokacin gyara, sannan kwantakta irin Kilovac EV200 ko Gigavac, gara biyu, ɗaya a kowane ɓangare.

A cikin kwantirola akwai manyan kafasito, masu tara wuta na ɗan lokaci, da babu komai cikinsu lokacin kunnawa. Idan kwantakta ta rufe kai tsaye, wutar da za ta kwarara tana narkar da bakinta ya manne, daga nan ko ka kashe makulli motar tana da wuta. Shi ya sa ake fara cika su a hankali ta cikin resisto, mai rage kwararar wuta, na daƙiƙa biyu ko uku. Wasu kwantirololi suna yin wannan da kansu, duba littafin taka ka tabbatar. Haka kuma bayan an kashe, jira minti biyar ka auna da mita kafin ka taɓa.

Wayar da ke kunna kwantakta ta bi ta makulli, ta BMS, ta jan maɓallin gaggawa kusa da hannun direba, da makunnin da ke yankewa da kansa idan mota ta yi karo. A ƙara wanda zai hana motar motsi muddin wayar caji tana soke.

Fitilu, hon da waifa suna nan a 12V. Tun da babu dinamo, na'urar DC-DC mai amfiya 30 zuwa 50 ce za ta sauke wutar babban batir zuwa 13.8V ta riƙa cika ƙaramin batir. Kada a saci 12V daga ƙwaya huɗu na babban jeri, za su riga sauran ƙarewa su lalata daidaiton. Beetle ɗin da aka yi kafin 1967 mai 6V ce, sai an mayar da ita 12V.

Totur kuma, tsohuwar wayarsa za ta ja na'urar da ke aika sigina ga kwantirola. Sayi mai sigina biyu, don idan ɗaya ta lalace kwantirola ta gane ta yanke, ka sa sifirin biyu na dawo da feda. Kwantirola tana zafi: ɗora ta a kan faranti mai ruwa a ciki, da ƙaramin famfo na 12V da lagireton babur a inda iska ke bugawa. Idan ba haka ba, da rana tsaka a cunkoso za ka ji motar ta yi sanyin jiki, kwantirola ce ke rage ƙarfi don kare kanta.

Birki da ƙafafu

An cire kusan kilo 145 na injin da tanki, an sa kusan 270. Ƙarin ya kai nauyin manya biyu da ba sa sauka. Mayar da birkin gaba na faifai, canza robobin birki da mansa, idan kuma babban famfon birkin mai layi ɗaya ne irin na tsofaffin samfura, sa mai layi biyu. Sa sababbin shokazoba, idan baya ya zauna a ɗaga sandunan murɗi su dawo da tsayin da ka auna tun farko.

Injin yana iya riƙe motar ya mayar da wuta cikin batir idan ka ɗaga ƙafa, amma tayoyin baya kawai yake riƙewa. A kan yashi ko jiƙaƙƙen titi riƙo mai ƙarfi yana sa baya ya zame, don haka fara da kashi 10 zuwa 15. Idan batir ya cika BMS tana hana wannan riƙo, ke nan birkin ƙafa dole ya iya tsayar da motar shi kaɗai.

Mai Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, tsarin ɗaya ne da ƙari uku: birkinta yana amfani da zuƙar iskar injin, sai an sa famfon zuƙa na lantarki da tulun ajiya, farantin haɗinta sai an sassaƙa, kuma da nauyinta da ya haura kilo 1,200, tana son batir na 35 kWh ko fiye.

Caji

Caja mai kilowat 3.3 da ke cikin mota tana jan kusan amfiya 15 a 230V, ta fi ƙarfin soket ɗin ɗaki mai amfiya 13. Ja mata layinta daga allon rarraba wuta da waya milimita 4 murabba'i, da makunnin amfiya 20, da na'urar yankewa idan wuta ta zurara, da sandar ƙasa ta gaske da aka auna. Cika 21 kWh yana ɗaukar awa bakwai zuwa takwas. Zaɓi cajar da ke karɓar wuta daga wajen 90V zuwa 265V saboda hawa da saukar wutarmu, kuma wadda BMS ke iya kashewa. Janareta sai mai 5 kVA zuwa sama. Faifan sola na kilowat 3 a Arewa yana ba da kusan yunit 12 zuwa 14 a yini, wato tafiyar kilomita 65 zuwa 75, amma caji da rana a inuwa za a yi shi.

Don lissafin riba: Beetle tana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita 100, bayan juyawa tana cin yunit 18 zuwa 20 daga bango. Batir da injin da dala ake sayen su, don haka wanda ba ya tafiya kullum zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba.

Gwajin farko da takardu

Kafin ɗaura ƙarfen haɗi na ƙarshe, zare fulogin BMS da na kwantirola, ka gwada manyan wayoyi da jikin mota da na'urar gwajin rufi a 500V. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ta yarda da ƙasa da om 100 ga kowane volt ba, sabon aiki mai kyau kuwa miliyoyin om yake nunawa. Ɗaga tayoyin baya sama, giya a sake, ka kunna. Yi daidaita firikwensin juyin injin yadda littafin ya ce, sa giya ta ɗaya ka tabbatar tayoyin suna juyawa gaba ne, ba baya ba. Gwada jan maɓalli yayin da suke juyawa.

Fita ta farko a fili, da rabin ƙarfi. A giya ta biyu ake tashi, ba sai an saki kuloci a hankali ba tun da injin ba ya juyi a tsaye. Ta biyu tana kai ka kilomita 50 a kusan juyi 3,500, ta uku ta ɗauke ka har 80 da ɗoriya. Bayan minti goma tsaya, ka haska ma'aunin zafi a kan kowane haɗi. Wanda ya fi maƙwabtansa da digiri 10 yana da matsala. Sake duba ɗaurin notuna duka bayan kilomita 100, sannan bayan kowace damina. Motar ba ta da ƙara, yara a lungu da masu tura baro ba za su ji zuwanta ba, sa mata ƙaramar na'urar sauti da ke aiki a ƙananan gudu.

Ajiye rasit da takardun kwastan na injin da batura, har da shaidar gwajin UN 38.3 da ake nema wajen jigilar batirin lithium. Lambar injin da ke takardun motar ta canza, saboda haka ka kai ta ofishin VIO da na lasisin motoci na jiharka a duba ta a gyara bayanan, ka sanar da kamfanin inshora a rubuce. Manna zanen wayoyin a cikin murfin baya, da alamar gargaɗi a kan kowane akwati da ke nuna inda makatsar hannu take, saboda makanikin da zai buɗe motar wata rana ba ka wurin.